Wasa a ajin kwamfuta: yadda ake horar da ƙwararru da abin da ɗalibin Libreville zai amfana

Libreville, babban birnin Gabon, ita ce mazaunin ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun kwamfuta a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Sama da shekara 50 ke nan ana yaye injiniyoyi da masu rubuta manhaja a birnin, wasunsu 'yan Gabon, wasu daga Nijar, Kamaru, Cadi da sauran ƙasashe. A tsawon wannan lokaci hanyar koyar da sana'ar ta canja a duniya baki ɗaya. Allo da littafi suna nan, amma a gefensu an samu wasanni da aka tsara musamman domin mai koyo ya gwada hannunsa, ya yi kuskure, ya gyara, kafin a damƙa masa kwamfutocin banki ko na asibiti. Ga bayanin irin waɗannan wasanni, asalinsu, amfaninsu da iyakarsu.

Mene ne wasan horo?

Ana haɗa abubuwa uku ƙarƙashin wannan suna, kuma yana da kyau a bambanta su.

Na farko shi ne cikakken wasa mai dokoki, da ci da faɗuwa, wanda aka ƙirƙira domin koyarwa. Da Faransanci ana ce masa « jeu sérieux ». Sunan ya yi fice ne bayan littafin da Clark Abt, wani masani a Amurka, ya wallafa a 1970 a kan amfani da wasa wajen ilimi da horo.

Na biyu shi ne kwaikwayon aiki. A nan ana gina kwafin wurin aiki a cikin kwamfuta, da na'urori da layukan sadarwa na bogi, mai koyo ya haɗa su ko ya gyara su kamar yadda zai yi a ofis.

Na uku shi ne yi wa darasi na yau da kullum ado da kayan wasa: maki, matakai, lambobin yabo da jerin gwanaye. Faransawa suna kiransa « ludification ». Darasin bai canja ba, hanyar ƙarfafa gwiwa ce aka ƙara masa.

Tunanin da ke bayan duka ukun sananne ne ga duk wanda ya san koyon sana'a a ƙasar Hausa. Yaron tela yakan fara taka keke a kan takardar buhun siminti kafin maigidansa ya ba shi shaddar mutane. Idan ɗinki ya karkace, takarda ce ta lalace. Haka abin yake a aikin kwamfuta, sai dai ɓarnar kuskure a nan ta fi yawa: umarni guda da aka rubuta ba daidai ba yana iya goge rumbun bayanan kamfani, ko ya tsayar da biyan albashi.

Daga ina abin ya samo asali?

Masu rubuta manhaja sun daɗe suna wasa da juna domin kaifafa basira. A 1961 wasu ma'aikata uku na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Victor Vyssotsky, Robert Morris da Douglas McIlroy, suka ƙirƙiro wasan Darwin, inda ƙananan manhajoji ke kokawar mamaye ma'ajiyar kwamfuta. A 1984 A. K. Dewdney ya gabatar da irinsa mai suna Core War a mujallar Scientific American. Wanda yake son cin wannan wasa dole ya fahimci yadda kwamfuta ke karanta umarni ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa wasu makarantun Faransa suka mai da shi aikin gwaji ga ɗalibansu.

A fannin tsaron intanet kuwa, babban abin tarihi shi ne taron DEF CON da ake yi a birnin Las Vegas tun 1993. A 1996 aka fara gasar ƙwace tuta a wurin taron, wadda aka fi sani da haruffan CTF. Daga nan ta bazu zuwa jami'o'i, kamfanoni da rundunonin soja. Tun 2010 cibiyar tsaron intanet ta ƙungiyar NATO da ke Tallinn, a Estoniya, take shirya atisayen Locked Shields, inda tawagogin ƙasashe ke kare wata ƙasa ta ƙirƙira daga hare-haren da ake kai mata kai tsaye.

Yadda ƙwace tuta ke gudana

Tuta a wannan wasa gajeren rubutu ne da aka ɓoye a cikin fayil, ko shafin intanet, ko wata kwamfuta da aka bar mata rauni da gangan. Wanda ya gano rubutun sai ya miƙa shi ga alƙalan gasa ya samu maki. Gano shi kuwa ba ya yiwuwa sai an fahimci raunin an kuma san yadda ake amfani da shi.

Ga ƙaramin misali irin na masu farawa. A ba ɗalibi kalmar KDXVD a ce tuta na ciki. Idan ya lura cewa an tura kowane harafi gaba da matsayi uku a jerin haruffan boko 26 na Turawa, sai ya mai da su baya: K ta koma H, D ta koma A, X ta koma U, V ta koma S, D ta sake komawa A. Amsar ita ce HAUSA. Wannan tsohuwar dabarar ɓoye saƙo ce da ake jinginawa ga Julius Kaisar na Rum. Wanda ya warware ta da hannunsa ya fahimci abu biyu a lokaci guda: yadda ake ɓoye saƙo, da dalilin da ya sa ɓoyewa mai sauƙi ba ta kare sirri.

Gasar iri biyu ce. A iri na farko ana jera tambayoyi rukuni-rukuni: ɓoye saƙo, raunin shafukan intanet, binciken sawun da mai kutse ya bari, warware manhaja domin a ga yadda aka gina ta. Kowace tambaya da makinta gwargwadon wuyarta. A iri na biyu, wato hari da kariya, kowace tawaga tana da kwamfutarta mai irin raunin da ke cikin ta sauran. Aikinta shi ne ta toshe nata ramukan, ta bi ta ramukan abokan hamayya ta ɗauko tutocinsu, kuma kada hidimar da kwamfutarta ke bayarwa ta tsaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi kama da aikin gaske, domin banki ba ya rufe ƙofa don ana gyara.

Akwai dandamali da dama da ake yin atisaye a kansu ba tare da jiran gasa ba. Root-Me dandali ne na Faransa mai ɗaruruwan ƙalubale, kuma kasancewarsa da Faransanci ya sa ya dace da ɗaliban Gabon, Nijar da Cadi. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fara picoCTF a 2013 domin 'yan sakandare, tambayoyin baya kuma suna nan a buɗe kyauta. Hack The Box, wanda aka kafa a 2017, da TryHackMe na 2018, suna ba da kwamfutocin gwaji, wani ɓangare kyauta wani da kuɗi. Shafin OverTheWire yana da wasan Bandit, inda kowane mataki ke ɓoye kalmar sirrin shiga mataki na gaba, kuma ta haka mai wasa ke koyon umarnin tsarin Linux ɗaya bayan ɗaya.

Rubuta manhaja da haɗa layukan sadarwa

Ba tsaro kaɗai ake koya da wasa ba. Kamfanin CodinGame, wanda aka kafa a Montpellier ta Faransa a 2012, yana ba mai koyo wani hali a cikin wasa, kamar jirgin da zai sauka a duniyar Mars, a ce ya rubuta manhajar da za ta sarrafa shi. Idan lissafinsa ya kuskure, yana kallo jirgin zai faɗi. Wasan SQL Murder Mystery na jami'ar Northwestern yana koyar da harshen tambayar rumbun bayanai ta hanyar binciken kisan kai: sai an haɗa teburin shaidu da na lasisin tuƙi da sauransu kafin a gano mai laifi. Flexbox Froggy yana koyar da tsara fuskar shafin intanet a matakai 24, ta hanyar kai kwaɗi kan ganyensu.

Ga masu aikin haɗa layukan sadarwa, kayan aikin da ya fi shahara shi ne Packet Tracer na kamfanin Cisco, wanda shirinsa na koyarwa ya fara tun 1997. A cikinsa ɗalibi yana jawo na'urorin rarraba sadarwa a kan allo, ya haɗa su da waya, ya rubuta musu umarni irin wanda ake rubuta wa na gaske, sannan ya bi saƙo yana tafiya daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Malami yana iya lalata wani saiti da gangan ya ce a nemo matsalar cikin minti 20. Makarantar da ba ta da kuɗin sayen na'urori goma tana iya ba kowane ɗalibi nasa goman a cikin kwamfuta guda.

A matakin yara akwai Scratch, wanda cibiyar MIT ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubali. Da shi aka fi koyarwa a shirin Africa Code Week da kamfanin SAP ya ƙaddamar a 2015, wanda daga baya ya kai kusan duk ƙasashen nahiyar.

Wasannin da ba sa bukatar wuta

Wasu daga cikin wasannin da ƙwararru suka fi yabawa a kan tebur ake yin su, da kati. A 2010 Adam Shostack, lokacin yana kamfanin Microsoft, ya fitar da Elevation of Privilege. Ana shimfiɗa zanen manhajar da ake ginawa, kowa ya jefa kati mai ɗauke da wani nau'in hari, ya nuna inda harin zai iya shiga a zanen. Wanda ya nuna ya ci maki, kuma a ƙarshen wasa tawagar ta tashi da jerin ramukan da za ta toshe. Amfaninsa shi ne ƙaramin ma'aikaci yana iya nuna kuskuren babba ba tare da an ga rashin kunya ba, tunda kati ne ya tilasta masa magana.

Backdoors & Breaches, wanda wani kamfanin tsaro na Amurka ya fitar a 2019, yana koyar da abin da ake yi bayan an riga an yi kutse. Jagoran wasa yana ɓoye kati huɗu da ke bayyana yadda maharin ya shigo, yadda ya bazu, yadda ya kafa zama da yadda yake fitar da bayanai. Sauran 'yan wasa suna da zagaye 10 su gano su, suna zaɓar matakin bincike suna jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20 domin a ga ko matakin ya yi nasara.

Akwai kuma tarin darussan CS Unplugged da Tim Bell da abokan aikinsa suka tsara a jami'ar Canterbury ta New Zealand, masu koyar da lissafin sifili da ɗaya da dabarun jera bayanai da katuna da alli kawai. A biranen da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, daga Libreville har Maraɗi, irin wannan darasi ba ya tsayawa don an ɗauke wuta.

Makarantun da aka gina kan tsarin wasa

A 2013 attajirin Faransa Xavier Niel ya buɗe makarantar 42 a Paris. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a neman takardar shaidar karatu, babu malami a gaban aji. Mai neman shiga yana fara yin wasannin gwada tunani da riƙe abu a ka ta intanet. Wanda ya haye sai ya shiga « piscine », wato makonni huɗu na rubuta manhaja ba dare ba rana. Bayan an ɗauke shi, karatunsa yana tafiya kamar wasa: kowane aiki da ya kammala yana ƙara masa maki, makin ya ɗaga shi mataki, sabon mataki ya buɗe masa sababbin ayyuka. 'Yan uwansa ɗalibai ne ke duba aikinsa, shi ma ya duba nasu.

Tsarin ya shigo Afirka. A 2018 aka buɗe makarantar 1337 a Khouribga ta Maroko da tallafin kamfanin OCP, sannan Zone01 ta fara aiki a Dakar a 2022 da tsari makamancin wannan. Masu sukar tsarin suna cewa ya fi dacewa da wanda ke da halin zama awanni masu yawa a gaban kwamfuta ba tare da neman abin kai wa baka ba, wanda kuwa yake tsaron shago ko yake da iyali yakan sha wuya a makonnin farko.

Inda ake horo a Libreville

Babbar cibiya ita ce Institut Africain d'Informatique, IAI. Shugabannin ƙasashe ne suka amince da kafa ta a watan Janairun 1971 a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, aka kuma ajiye hedikwatarta a Libreville. Ƙasashe 11 ne suka mallake ta: Benin, Burkina Faso, Cadi, Gabon, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Kamaru, Kodebuwa, Kwango, Nijar, Senegal da Togo. Ana shiga ta hanyar jarrabawar gasa, kuma tana da rassa a Yamai, Yawunde da Lome. Makarantar ta sha fama da ƙarancin kuɗi saboda jinkirin da ƙasashe ke yi wajen biyan kasonsu, abin da ke shafar kayan aiki da tafiyar karatu.

Ban da ita akwai INPTIC, makarantar gwamnati ta aikin gidan waya da fasahar sadarwa. A 2018 ƙungiyar Ogooué Labs ta buɗe École 241, wadda ta ɗauko sunanta daga lambar kiran wayar Gabon, tana horar da matasa gina shafukan intanet cikin watanni kaɗan bisa tsarin Simplon na Faransa, wato koyo ta hanyar yin aiki tare maimakon sauraren lacca. A wannan shekarar ce kuma aka kafa SING, cibiyar renon ƙananan kamfanonin fasaha. Ita kuwa hukumar ANINF, wadda aka kafa a 2011, ita ce ke kula da kayan sadarwar gwamnati.

Bukatar ƙwararru a fili take. A ƙarshen Oktoban 2018 ƙungiyar masu kutse ta Anonymous ta yi iƙirarin durƙusar da gomman shafukan gwamnatin Gabon. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, biyu daga cikinsu, SAT-3 da ACE, suna cikin waɗanda ke sauka a Libreville. Ga kuma Airtel Money da Moov Money, waɗanda 'yan kasuwar Mont-Bouët ke karɓar kuɗi da aika shi gida ta cikinsu kullum. Ranar da irin wannan tsari ya tsaya, ana bukatar mutumin da ya taɓa ganin makamanciyar matsalar, ko da a wasa ne, ya san abin da zai fara dubawa da wanda zai fara kira.

Abin da bincike ya nuna

Masana sun auna amfanin wasa a horo, kuma sakamakon yana da fuska biyu. A 2011 Traci Sitzmann ta tattara bincike 65 a kan horar da manya da wasannin kwaikwayo na kwamfuta. Ta samu cewa waɗanda aka horar da wasa sun fi takwarorinsu da kashi 14 cikin 100 a sanin yadda ake aiwatar da aiki, da kashi 11 a sanin bayanai, da kashi 9 a riƙe abin da aka koya, da kashi 20 a amincewa da iyawarsu. Sai dai ta lura cewa fifikon yana ɓacewa idan darasin da aka kwatanta da wasan shi ma yana sa ɗalibi aiki da hannunsa.

A 2013 Pieter Wouters da abokan aikinsa a Holan suka yi irin wannan tattarawa. Sun samu cewa wasa ya fi darasin gargajiya wajen koyo da riƙewa, amma bai fi shi ƙara sha'awar karatu ba, saɓanin abin da ake yawan faɗa. Amfanin ya fi fitowa idan an haɗa wasan da wasu hanyoyin koyarwa, an yi shi sau da yawa, kuma an yi shi cikin rukuni.

Game da maki da lambobin yabo kuwa, Michael Hanus da Jesse Fox sun bi ajujuwa biyu na wata jami'ar Amurka tsawon makonni 16, suka wallafa sakamakon a 2015. Ajin da aka sa wa lambobin yabo da jerin gwanaye ya ƙare da raguwar sha'awa da gamsuwa, kuma hakan ya taɓa makin jarrabawar ƙarshe. Darasin da malamai ke ɗauka daga nan shi ne jerin gwanaye yana ƙarfafa na sama, yana kuma iya karya gwiwar na ƙasa.

Akwai wasu iyakoki da masu sana'ar suka sani. A gasa an tabbatar akwai tuta, saboda haka mai nema ya san zai samu. A wurin aiki mutum yana iya kwana uku yana bincike babu abin da aka ɓoye. Gasa tana fifita kai hari saboda shi ya fi daɗi, alhali yawancin guraben aiki na kariya ne: sabunta manhajoji, ajiye kwafin bayanai, duba rajistar shige da fice, rubuta rahoton da shugaba zai fahimta. Shi ya sa ƙwararrun malamai ke ɗaukar zaman bita bayan wasa da muhimmanci kamar wasan kansa. A nan ne ake tambayar kowa me ya gwada, me ya ƙi, kuma da a kamfani ne me zai yi.

Iyakar wasa da laifi

Dabarar da ake cin maki da ita a dandalin gwaji ita ce dai ake ɗaure mutum a kanta idan ya gwada ta a shafin da ba a ba shi izini ba. Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun Disamban 2010. Najeriya ta kafa tata a 2015 ta yi mata gyara a 2024. Nijar ta yi tata a 2019, Gabon kuma ta samar da sabuwar doka a kan tsaron intanet da laifukansa a 2023. A matakin nahiya, yarjejeniyar Malabo da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2014 ta fara aiki a 2023. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne ko da ba a saci komai ba, kuma cewa gwaji ake yi ba hujja ba ce.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi guda ce: ba a taɓa tsarin da ba naka ba sai da izini a rubuce, wanda ya fayyace abin da za a gwada da lokacin da za a gwada shi. Ga matashin da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba da katin zama, abin ya fi nauyi, domin bayan hukunci yana iya rasa damar zaman baki ɗaya, kuma sunan iyalinsa a unguwa ya ɓaci.

Abin da ya shafi Hausawan ƙetare

Hausawa sun daɗe a Gabon, musamman a lardin Woleu-Ntem na arewa, a garuruwa irin su Oyem, Bitam da Minvoul, ga kuma waɗanda kasuwanci ya kawo Libreville daga Nijar, Najeriya da Kamaru. 'Ya'yansu da yawa sun tashi da Hausa a gida da Faransanci a makaranta, wasu kuma suna da 'yan uwa a Kano ko Zariya da suka yi karatu da Ingilishi. A gasar ƙwace tuta wannan riba ce. Yawancin gasannin duniya da Ingilishi ake yin su, ta intanet, kuma ba a tambayar inda 'yan tawaga suke zaune. Mutum huɗu, ɗaya a Libreville, ɗaya a Garwa, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Kano, suna iya kafa tawaga guda su raba aiki, su tattauna da Hausa. Shafin CTFtime yana ɗauke da jadawalin gasannin da ke tafe.

Akwai kuma gasanni na nahiyar. Reshen jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali ya fara picoCTF-Africa a 2022 domin ɗaliban Afirka. Ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta shirya gasar tsaron intanet ta matasa a Lome a 2023 da Abuja a 2024, sai dai wannan ta ƙasashen ƙungiyar ce, Gabon kuwa tana cikin CEEAC, wadda hedikwatarta ke Libreville.

Ta fuskar kuɗi, farawa ba ya bukatar abu mai yawa. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka sa wa Linux ta isa. Wasanni irin Bandit rubutu ne zalla, ba sa cin data kamar bidiyo. Packet Tracer yana aiki a kan kwamfutar mutum bayan an sauke shi an yi rajista. Hanyar da malamai suka fi ba da shawara ita ce a fara da umarnin Linux da tushen haɗa layukan sadarwa, a ƙara da harshen rubuta manhaja guda kamar Python, sannan a shiga ƙananan ƙalubale.

Maki a dandalin wasa ba ya maye gurbin takardar shaida. Gwamnati da manyan kamfanoni a Gabon da maƙwabtanta har yanzu digiri ko difloma suke fara tambaya, sannan takardun ƙwarewa irin CCNA na Cisco. Amma jarrabawar wasu takardun ta koma kama da wasan: a OSCP, ana ba mai jarrabawa kusan awa 24 ya kutsa cikin kwamfutocin gwaji, sannan ya rubuta rahoto a kan yadda ya yi. Saboda haka masu koyarwa ke shawartar ɗalibi ya riƙa rubuta bayanin kowane ƙalubale da ya warware, da Faransanci ko Ingilishi, ya ajiye. Ranar ganawar neman aiki, wannan tarin bayani ne zai nuna wa mai ɗaukar aiki yadda yake tunani da abin da hannunsa ya taɓa yi.